Ya Saude Mai Biskit da Kalmar da Mota Ta Haɗiye

Idan ka bi ta Hausari da hantsi, ka wuce shagunan teloli, ka karya kwanar masu gyaran fitila, hancinka ne zai fara gaya maka ka iso. Ƙamshin man shanu da lemun tsami ke tsallako wata gajeriyar katanga, ya tare mutum a hanya ko yana sauri. Gidan Malam Hamisu tela ke nan, amma ba mai kiransa haka. Gidan Ya Saude mai biskit ake cewa, shi ma Malam Hamisu ya daɗe da haƙura. Bakanuwa ce, sai dai zama cikin Barebari ya sa aka liƙa mata "Ya" irin wadda suke kiran manyan mata da ita, har sunan ya bi ta.

Aikinta yana farawa bayan ta idar da sallar asuba ta share tsakar gida. Takan zauna bakin ƙofa tana jiran wata Bashuwa da ke kawo mata ɗanyen man shanu a ƙwarya. Ba ta yarda da shi haka nan ba. Sai ta wanke shi da ruwan randa, ta zubar, ta sake wankewa, har tsamin nono ya fita ya bar mai zalla. Daga nan ta ɗauko manyan lemun tsami masu kaurin ɓawo da ake kawo mata daga lambunan bakin kogin Ngadda, ta goga bayansu a kan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Koren kawai take so, domin farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci ne. In ta gama, sai ta kwashi fulawa da sukari da ƙwai ta shige ɗaki, ta saki asabari, ta turo ƙofa. Abin da ke faruwa a bayan ƙofar nan, shekara da shekaru ba wanda ya sani sai ita da Allah.

Takan fito da kwaɓin a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ta tura shi ƙarƙashin randa ya huce, don zafin Maiduguri ba ya ragawa man shanu. Murhunta rabin duro ne da maƙeri ya yi wa ƙofa, yashi a ƙasa, garwashi a sama. Ta mulmula kwaɓin ƙanana, ta danna kowanne da babban yatsa, ta jera a faranti. Kuma tana sauke su tun suna fari, tun mai kallo yana rantsuwa ba su gasu ba. Su ne in sun huce za ka sa a baki, kafin haƙori ya yi wani aiki sun narke.

Bana Ya Saude ta ajiye wannan aiki. Hayaƙi ya ci idonta, yanzu sai dai ta gane mutum da murya. Shi ya sa na ga ya kamata a jinjina mata tun tana jinmu da kunnenta. Kuma dole in faɗi fargabar da muka yi ta fama da ita a unguwa: ido yana tafiya, ita kuma ta ƙi koya wa kowa kwaɓin nan, har muka fara sallamawa cewa ranar da ta daina, biskit ɗin ya tafi ke nan. Ba rowa ce ta hana ta ba. Dalilin yana da labari.

Ta zo Maiduguri ne tun kafin mulkin kai, tana bin mijinta da kekensa na ɗinki, ba ta da dangi ko ɗaya a garin. Katanga ɗaya ta raba su da wata mace 'yar ƙabilar Ibo, Ekwutosi, matar Gerald mai sayar da kayan keke a Kasuwar Kwastam. Mutanen Hausari sun kasa sunan, suka mayar da shi Kutosi, ita kuma ta amsa. Wata rana ƙamshi ya ishi Saude, ta taka turmi ta leƙa.

"Maƙwabciya, me kike soyawa haka?"

"Ba soya ba, gasa ne," in ji Kutosi da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji. "Kai sauko, ka zo ka ci."

Saude ta zo, ta ɗanɗana. Ita da ta tashi da cincin da dubulan masu ƙara a baki, wannan abu mai laushi ai ɗanye ne. Da aka matsa mata ta ce, "Da daɗi, sai dai kamar wuta ba ta ratsa shi ba." Kutosi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙa mata na biyu. Kafin ta bar gidan ta ci na ukun da kanta, ba tare da an miƙa mata ba.

Da Kutosi ta yarda za ta koya mata, sai ta ce gobe ta zo da man shanu. To, wace 'yar mutunci ce a Kano za ta kai wa mutane ɗanyen man shanu? Saude ta koma gida ta soya shi tsaf da albasa, yadda uwarta ta koya mata, ta tace, ta zuba a kwalba. Kutosi tana fama da mura ranar, ba ta ji ƙamshin albasar ba, ta dai yi mitar cewa man ya narke, suka kwaɓa a haka. Da aka sauke, Malam Hamisu aka fara kai wa. Ya gutsura, ya tauna, ya dubi matarsa cikin natsuwa.

"Saude, wannan da shayi ake cinsa ko da miyar kuka?"

Kutosi ta ɗanɗana ta ɗora hannu a ka. "Albasa! Saude, kai ya sa albasa? Biskit ba tuwo ba ne!"

Awakin gidan ma, in ji Malam Hamisu, sai da suka yi shawara kafin su ci. Amma daga wannan rana Saude ba ta sake kuskure ba. Ta lura da komai: yadda ake buga mai da sukari har su yi fari su yi sauƙi, lokacin da ake fasa ƙwai, yawan ruwan lemun da zai ba da ƙamshi bai tsinka kwaɓi ba, da yadda ake juya fulawa a hankali, domin in aka murza ta da ƙarfi biskit ya yi tauri. Ta kuma lura da wani abu: duk lokacin da za a kwaɓa, Kutosi sai ta saki asabari ta turo ƙofa. Saude ba ta tambaya ba. A inda ta fito, sana'ar da ake yi a bayan ƙofa sirri ce, mai ita kuma shi ke da ikon ba da ita. Wanda aka koya wa ba ya koya wa wani sai da izinin wanda ya koya masa.

Suka yi shekaru suna aiki tare, duro ɗaya, faranti ɗaya. Ana saye don suna da biki, ma'aikatan ofis suna aikowa don shayinsu. Amma abin da ya sa nake wannan rubutu wani ne daban. Saude ce ta fara gane cewa laushin nan da ta raina, shi ne amfanin abin. Akwai wani tsoho a layinsu, Baba Ba'ana, wanda haƙoransa suka zube, ya gaji da kunu har ya fara ƙin abinci gaba ɗaya. Ta aika masa da guda biyu a murfin kwano. 'Yarsa ta ce da ya ci sai ya yi murmushi, ya ce ashe har yanzu da sauran abin da bakinsa zai iya. Daga nan kullum da rabonsa, har Allah ya karɓi abinsa.

Dorothy, wata nas 'yar ƙasar Biu da ke aiki a ɗakin yara na asibiti, ita ma shaida ce. Ta ce yaran da ƙyanda ta feso wa a baki ba sa yarda a kusanto su da cokali, amma in aka jiƙa wannan biskit da ɗan ruwan ɗumi sai su lasa, gobe su gutsura, jibi su nemi tuwo. Masu laulayin ciki da ko ƙamshin girki ba sa so, lemun nan yakan kwantar musu da zuciya. Ranar Juma'a Saude ba ta sayarwa. Ta cika kwando, ta yafa mayafi, ta taka da ƙafa har asibiti, ta bi gado gado. Ba ta tambayar mutum garinsu ko inda yake salla, bakinsa take dubawa.

Ke ce, Ya Saude, kika mayar da abin marmarin Turawa abincin marasa ƙarfi. Mai hannun laushi, uwar waɗanda tauna ta gagara. Mutane da yawa a garin nan suna yawo da ƙafafunsu yau, ba su san lomar da ta fara dawo musu da cin abinci daga duronki ta fito ba.

Sai shekarar sittin da shida ta zo da abin da ta zo da shi. Ba sai na tuna wa kowa ba. Mutanen kudu maso gabas suka fara haɗa kaya. Kutosi da mijinta da 'yarsu Chinyelu a ɗakin Saude suka fake har aka samo mota, Malam Hamisu yana zaune a zaure da kekensa yana ɗinki kamar ba komai, duk wanda ya tambaya ya ce matan gida ne kawai a ciki. Da safiyar tafiya Kutosi ta matsa sai ta gasa guzuri. Ba a gama ba aka aiko cewa Madu direba ya tayar da mota, in ba su zo yanzu ba za a bar su. Suka fita a guje, Saude tana riƙe da hannun Chinyelu har tasha.

Motar ta cika maƙil, mutane a kan kaya, yara suna kuka. Madu ya taka, injin ya ɗauki ruri. A nan ne Kutosi ta miƙe daga can baya, ta nuna wajen Hausari da hannu, ta ɗaga murya tana faɗin wani abu. Saude ta bi motar da gudu, amma ƙarar ta cinye farkon maganar. Ƙarshenta kawai ya iso kunnenta:

"...ki ba kowa!"

Motar ta sha kwana, ta tafi.

Kun ga inda matsalar take. Cewa ta yi "ki ba kowa", ko cewa ta yi "kar ki ba kowa"? Kalma ɗaya ce tsakani, 'yar ƙarama, kuma ita ce injin Madu ya haɗiye. Saude ba ta yi shakkar cewa a kan sana'ar ake magana ba, tunda gida aka nuna. Ta tambayi Madu da ya dawo, ya ce shi a gaba yake, ko kakakin motarsa da ƙyar yake ji. Ta juya maganar a ranta har ta rame. Daga baya ta yanke hukuncin da ba wanda zai yanke sai ita: za ta bi duka biyun. Biskit ta ba kowa, kwaɓi ba ta ba kowa ba.

Haka aka yi ta tafiya. Yaƙi ya ɓarke, labari ya yanke, ba wanda ya san ko Kutosi tana raye. Fulawa ta yi wuya, sukari ya yi wuya, Saude ta rage na sayarwa don kada kwandon Juma'a ya ragu. Ido kuma ya fara hazo. Da fari ta ɓoye, sai da ta kama farantin da ke wuta da hannu tsirara, tana zaton ta ɗora tsumma, sannan gida ya sani. Dorothy ce ta ɗaure mata ƙunar, kuma ba ta ɓoye fushinta ba.

"Mama, ki ji tsoron Allah ki koya mini. Ni ba sayarwa zan yi ba. Yaran nan fa? In idon ya rufe gaba ɗaya, me zan ba su?"

"'Yar nan, ba nawa ba ne," in ji Saude. "Ajiya aka ba ni."

"To in mai ajiyar ba ta dawo ba fa?"

Hawaye ya bi idon Saude da ba ya gani sosai. Malam Hamisu ma ya sa baki, ya ce ko a shari'a lalura tana da hukuncinta. Ta ce ta ji, amma in ta tuna matar nan a tsaye a bayan mota, ta bar gidanta da duronta da komai, abu ɗaya kawai ta roƙa, ita ba za ta iya ba. Ni kaina na ji haushinta a lokacin, har na ce wannan taurin kai ne aka sa wa rigar amana. Amma ko ina cikin jin haushin, na san da ni ne na ba da ajiya, irin wannan taurin kan zan so a yi mini.

Da damina ta wuce bana, hanya ta fara buɗewa, mutane suka fara dawowa ɗaya ɗaya suna duba abin da suka bari. Wata Talata da hantsi Saude tana zaune tana goga lemun da lalube, sai ta ji an tsaya a kanta ba sallama.

"Kai yana goga har fari. Zai yi ɗaci."

Gwangwanin ya faɗi daga hannunta. Ba ta ga fuskar ba, amma duk duniya mutum ɗaya ce ke ce mata "kai". Suka rungume juna suna kuka, har matan maƙwabta suka shigo a guje suna zaton rasuwa aka yi. Kutosi ta rame ƙwarai, gashinta ya yi fari. Gerald ya rasu a can, Chinyelu tana raye, tana wajen dangi. Sai da aka yi gaisuwa da ta'aziyya, aka sha ruwa, aka aika wa Dorothy ta zo, sannan Saude ta kama hannun ƙawarta ta yi tambayar da ta daɗe tana cinta.

"Kutosi, don girman Allah, ranar nan a tasha me kika ce? 'Ki ba kowa' kika ce, ko 'kar ki ba kowa'?"

Kutosi ta tuno da ranar. Sai ta buɗe baki.

"Faranti! Na ce faranti ɗaya yana cikin duro, kai sauke kafin ya ƙone, ki ba kowa ya ci!"

Saude ta ce a hankali, "Af. Na kuwa same shi ya zama gawayi."

"To me kai yana tsammani?"

"Na zaci sirrin kwaɓi kike nufi. Ban koya wa kowa ba, Kutosi. Ko mutum ɗaya."

"Wane sirri? Ni wajen yayana na koya, shi kuma kuku ne a gidan Bature, ta taga ya leƙa ya koya!"

"To ƙofar da kike rufewa fa?"

"Ƙuda, Saude! Ƙuda da kajinki!"

Malam Hamisu, da ke jin komai daga zaure, ya yi dariya har ya sarƙe. Dorothy tana dariya tana share hawaye, tana cewa ashe kaji ne suka hana ta sana'a. Saude kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba wanda ya iya cewa dariya take ko kuka. Ina jin duka biyun ne.

Washegari aka naɗe asabarin aka ɗaure shi sama, aka fito da akushin kwaɓi tsakar gida. Dorothy ta zo da abokiyar aikinta Susanna, matan layi suka cika tabarma, Hausawa da Barebari da Shuwa, kowa da kwanonta. Saude ta tura akushin gaban Kutosi, ta ce mai abu ta karɓi abinta. Kutosi ta sa hannu cikin fulawar, ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta janye hannun, ta ce da murya ƙasa ƙasa, shekarun nan ko ƙwai ba ta riƙe ba, balle man shanu. Rogo da ganye suka ci. Ta nemi ma'aunin a kanta ta rasa, hannunta ma ya manta.

Ta tashi daga gefen Saude, ta zagaya, ta zauna a kan tabarma tsakanin Dorothy da Susanna.

"Fara daga farko," in ji ta. "Ka koya mini ni ma."

Ya Saude ta laluba ta kamo hannunta, ta tsoma shi cikin man shanu da sukari, ta ɗora nata a kai, suka fara bugawa.

Mun gode, Ya Saude. Mun gode da kwandon Juma'a, da ƙafar da kika taka, da idon da kika ƙarar a bakin duro saboda bakin wasu. Kin yi kuskuren ji, amma ba ki yi kuskuren riƙo ba, kuma abin da kika tsare bai ɓata ba har mai shi ta zo ta same shi a lokacin da ba ta da komai. Allah ya ba ki lafiya, ya haskaka miki, ya saka miki da abin da ya fi.

Ku kuma masu karatu, wanda aka ba ajiya ya riƙe ta kamar yadda matar nan ta riƙe, wanda ke da sana'a a hannu ya koyar tun yana gani, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji. Ku duba layinku, akwai tsoho ko majinyacin da tauna ta gagara, ku kai masa abin da bakinsa zai iya. Juma'ar da ta wuce kwando uku suka shiga ɗakin yara, daga gida uku, kuma Ya Saude tana zaune a gida tana hutawa.